Yallaɓai Kamus da Na'ura Mai Tambaya

A duk ofishin zanen taswira, kai, a duk faɗin garin, babu mai ilimin Yallaɓai Kamus. Shi da bakinsa ya sha faɗa, kuma wa ya isa ya musa wa masani? Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan a bayan ido. Da labari ya kai masa, sai ya sa aka buga shi a jikin kofin shayinsa.

Aikinsa sa alama ne. Duk abin da zai hau taswira, rijiya ce, asibiti ne, hanyar mota ce ko ta ƙafa, akwai alamar da masu taswira suka amince a sa masa, don baƙo ya gane. Ƙa'idojin a rubuce suke, kowa na iya dubawa. Kamus ya hana.

"Duba littafi na wanda kansa fanko ne," in ji shi. "Shekara goma sha tara ina kan kujerar nan. Ni ne ƙa'idar."

Saboda haka kullum da layi a ƙofarsa. In ka tambaye shi alamar famfon unguwa, sai ya lumshe ido, ya kishingiɗa, ya shafa tumbi, kamar amsar daga can take tasowa. Abin da ya faɗa maka ran Litinin daban, na Alhamis daban. In ka tuna masa, ya ce, "Ilimi tafiya yake yi, ku ne kuke tsaye."

Ga shi da zumunci, Allah ya ba shi. Kantin maganin surukinsa, mai kanta biyu da mataccen firji, a taswira asibiti ne. Lungun da ke kaiwa can, inda babura biyu ba sa iya wuce juna, babban titi ne.

Ana nan sai ofis ya kawo na'ura mai basira, wadda za ta riƙa karanta rahoton masu zagayen unguwanni tana sa alama. Injiniyar da ta haɗa ta ta shiga yi masa bayani.

"Yallaɓai, ba da ka take aiki ba. Na haɗa ta da wata 'yar manhaja. Kafin ta sa wa abu alama, sai ta duba yadda aka saba sa wa irinsa."

"Wato tambaya take yi?"

"Eh, yallaɓai. Ai matambayi ba ya ɓata."

"Matambayi jahili ne mai ladabi," Kamus ya ce, ya dubi ma'aikata don su yi dariya. Suka yi, tunda shi ke sa hannu a takardar hutu. "Ina raye, a ginin nan, a tambayi wani abu ba ni ba? Cire manhajar. Ni zan koyar da na'urar."

Injiniya ta ce a ba ta umarnin a rubuce. Ya rubuta, har da hatimi biyu.

Kwana uku ya yi yana zagaya ɗaki, hannu a baya, yana zuba wa na'ura karatu. Ita kuwa ɗaliba ce mai biyayya. Ta ɗauki darasin malaminta tsaf, ta baza shi gari. Kafin mako ya cika, duk mai sayar da maganin tari ya zama asibiti, duk lungu ya zama titi. Kamus ya tsaya gaban allo yana murmushi.

"Asibiti ɗari da arba'in," ya ce. "Wane gari ne ya kai namu ci gaba?"

Ran Laraba da hantsi direban motar ɗaukar marasa lafiya ya ɗauko wata mata tana naƙuda. Ya bi taswira zuwa asibiti mafi kusa. Babban titin ya matse shi tsakanin katanga biyu, madubai suka karye, mota ta ƙi gaba ta ƙi baya. Shi da mijin matar suka tallafe ta da ƙafa har ƙofar asibitin, suka tarar da surukin Kamus yana korar ƙuda. Wata dattijuwa maƙwabciya ce ta karɓi haihuwar a bayan kanta. Allah ya kiyaye, uwa da ɗiya suka rayu.

Direban bai ko sauya riga ba ya zo ofis, ya ajiye karyayyen madubi a teburin darakta.

"Ranka ya daɗe, wanda ya zana titin nan nake nema, ya zo ya fitar mini da mota."

Aka kira taro. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, Kamus kuwa gwani ne.

"Na faɗa tun farko! Na ba ta ilimi tsantsa, ta dagula. A ɗauko tsohuwar taswira, wadda aka yi da hannun ɗan Adam, a ga aiki!"

Darakta ya dubi Injiniya. Ta mayar da manhajar, ta ba na'ura tsohuwar taswira. Na'ura ta riƙa ɗaukar alama ɗaya ɗaya, ta duba ƙa'ida, ta dawo. Kafin shayi ya huce, kurakurai ɗari huɗu da goma sha biyu sun yi sahu a allo.

Kamus bai ko girgiza ba. "Aikin ƙananan ma'aikata ne. Na gaji da gyara musu. A karanto sunan duk mai laifi, da ƙarfi, ko ɗan wane ne!"

"Yallaɓai, ka tabbata?" in ji Injiniya.

"Karanta!"

Abin da ya manta shi ne, shekaru da dama da suka wuce ya kafa doka cewa kowace alama da sunansa za ta shiga, don kada wani ya ci yabonsa. Injiniya ta fara karantawa. A na bakwai darakta ya ce ya isa. Direba ya ce shi bai ƙoshi ba.

Ba a kore shi ba, albarkacin furfura. Aka kai teburinsa ɗakin ƙarshen baranda, tsakanin karyayyun kujeru da tsofaffin injinan buga takardu. Washegari ya manna takarda a ƙofa: Babban Mai Ba Na'ura Shawara. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa ƙarin girma ne, ana ɓoyewa saboda mahassada.

Bayan wata guda aka sa na'ura ta zana taswirar ginin kansa, ɗaki ɗaki, don masu kashe gobara. Da ta iso ƙarshen baranda, ta karanta abin da ke ciki, ta duba ƙa'ida, ta rubuta: ma'ajiyar kayan da aka daina amfani da su.

Aka kai wa darakta ya duba. Ya ce bai ga kuskure ba.