Ƙofar Bayan Gidan Gafiya

A wani daji da ke gindin wani babban dutse, dabbobi sun sami abin kallo da ya mantar da su duk wata hira. Hawainiya ce ta ƙirƙiro shi, ta sa masa suna Jiya da Yau. Kowace Juma'a da la'asar sai kowa ya hau dutsen ya nemi wurin zama, ita kuma ta kawo wani wanda duniya ta juya wa baya, a nuna tsiyarsa kowa ya gani, sannan a gyara shi, ko a gyara gidansa. In an gama, Aku ya bi 'yan kallo yana jin ra'ayinsu, washegari ya zaga daji yana maimaitawa.

Ba zan ɓoye gaskiya ba, shirin ya yi amfani. An wanke wa Jaki gyambon bayansa har ya warke. Mujiya, wadda a da ko gaisuwa ba ta amsawa don kunyar fuskarta, tun da aka gyara mata gira take zama cikin jama'a.

Ana nan sai layi ya zo kan Gafiya. Mijinta Burgu mafarauta suka kama shi bara, ya bar ta da ƙananan yara a wani rami mai yoyo. Ramin yana da ƙofa biyu, kamar na kowace gafiya: babba a gaba, da wata 'yar ƙarama a baya, ƙarƙashin saiwar sabara. In mafarauta suka cusa ciyawa a bakin rami suka kunna wuta, ta wannan ƙaramar ake tsira. Ta nan ta fitar da yaranta ranar da aka kama ubansu.

Hawainiya ta zaga ramin, ta tsaya a baya, ta dafe ƙirji. "Jama'a, ku duba! Uwa da marayu, suna kwana a gida mai huji kamar tsohon kwando!"

Dutse ya ɗauki salati. Kurciya ta fashe da kuka, da ma kukanta ba ya nisa.

Aka kira Gara, magina da babu kamarsu a dajin. Suka toshe yoyon, suka shafe bango sumul, suka nufi ƙofar baya da laka. Gafiya ta matso a hankali ta ce, "Ranki ya daɗe, wannan ɗin ƙofa ce."

Hawainiya ta rikiɗa ta koma kalar tausayi. "Yaya Gafiya, ki bar tunanin jiya. Wanda ya saba da gudu shi ke ajiye ƙofar gudu. Daga yau ke mai gida ce."

Tafi ya kaure. Gafiya, wadda tun da aka haife ta ba a taɓa tafa mata ba sai dai a jefe ta, ta ja da baya ta bari aka toshe ƙofar. Ni dai ban ga laifinta ba.

Aku ya hau dutse neman ra'ayi. Barewa ta ce shirin ya koya mata tausayin talaka. Biri ya ce shi abin da ya burge shi bangon nan ne, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Kurciya ta ce ta daɗe ba ta yi kuka mai daɗi irin na yau ba.

Gafiya ta ji daɗin gidanta, ba ƙarya. Ruwa ya daina ɗiga a kan yara, maƙwabta suna zuwa gaisuwa. Amma da damina ta wuce, ciyawa ta bushe, ta fara jiyo haushin karnuka daga nesa, sai abinci ya daina shigar mata. Wata rana da tsakar rana, kowa na hutawa a inuwa, ta shiga ƙwaƙular bangon baya. Ta kusa ɓullawa ke nan Biri ya hango ƙasa na motsi.

Kafin la'asar an taru a kan dutse. Ban taɓa ganin dabbobi sun girgiza kamar ranar ba.

Barewa ta miƙe. "Wallahi na kasa gaskata kunnena. Mun zauna a nan cikin rana, mun zubar mata da hawaye, mun yi murna da ita, ashe ita zuciyarta na can wajen huji! Ni ban taɓa mallakar ƙofar baya ba, ga ni da raina. Idan ta ɓata bangon nan, ba gidanta ta ɓata ba, zukatanmu ta ɓata."

Gafiya ta durƙusa. "Iyayena, na gode da abin da aka yi mini, har abada ba zan manta ba. Amma lokacin farauta ya zo. Barewa tana da ƙafa, Kurciya tana da fiffike. Ni da yarana wannan ƙofar ce ƙafarmu. Ku bar mini ita, zan rufa mata ganye, ba mai gani."

"Mu ai mun san tana nan," in ji Biri. "Ina daɗin kallo kuma?"

Hawainiya ta tuna wa jama'a cewa Juma'a mai zuwa za a koma gidan Gafiya a ga yadda rayuwarta ta canza. Aka yanke shawara Gara su sake toshe wurin, su ninka lakar, don kada rauninta ya sake rinjayarta. Kowa ya yarda taimakonta ake yi.

Ba a kai Juma'a ba. Ranar Laraba da hantsi mafarauta suka shigo da karnuka. Dabbobi suka haye dutse, kowa ya zauna inda ya saba zama, suna kallo aka cusa ciyawa a bakin ramin Gafiya, aka kunna, aka yi ta fifita. An daɗe ana jin ƙarar farata daga cikin bangon baya, sannan aka daina ji. Aikin Gara bai ba da kunya ba, ko tsagewa bai yi ba.

Da mafarauta suka tafi, Aku ya zaga kamar yadda ya saba. Kurciya ta kasa magana don kuka. Biri ya ce bai ga dalilin nuna irin wannan a gaban jama'a ba. Barewa ta girgiza kai, ta ce abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne a ce babbar gafiya, uwar yara, ta zauna a rami mai ƙofa ɗaya da rani.

Juma'ar da ta biyo baya Bushiya aka kawo, aka cire mata ƙayoyin nan da suka daɗe suna hana ta kyau. Kowa ya ce bai taɓa ganin santsi irin nata ba.