Ƙararrawar Iya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa kakata mutanen unguwa a garinmu Beli ba. Lokacin ina sabon malamin firamare a Karaye, ina zuwa gida duk ƙarshen mako a kan babur, ina jin babu mai dabarata a duk ƙasar Rogo.

Iya, mahaifiyar Babana, ta tsufa. A daminar waccan shekarar ta zame a bakin randa, ta daɗe kwance kafin a gan ta. Hankalina ya tashi, na ce dole a sama mata abin kiran mutane. Na kawo usur, ta ce ita ba 'yar ƙwallo ba ce. Na ɗaura igiya da gwangwani, awaki suka mayar da shi abin wasa. Sai na je Kano na sayo ƙararrawa mai batir, na kafa madannin a jikin gadonta, na ja waya har zaure, inda Baba ke wuni yana ɗinkin hula.

Na tara mutanen gida (har da gyara wuyan riga), na ce, "Iya, da kin ji ba daidai ba, danna nan kawai. Baba zai zo da gudu."

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska, Baba ya sulale waje. Sai a lokacin na tuna: Baba ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa kiransa ba. "Mutumin zaure" take ce masa.

"Kai dai maigidan nan ba ka da kunya," ta ce da ni ta cikin mayafi.

Ƙararrawa ta yi watanni ba wanda ya taɓa ta. Ni kuwa kullum da fargaba nake kwana a Karaye, don na san Iya za ta iya karyewa ta yi shiru.

Wata Asabar bayan la'asar ina wanke babur a bayan gidanmu, sai na ji ƙirrr! Ban leƙa ba, ban tambaya ba. Na zuba a guje cikin unguwa, babu takalmi, ina ihu: "Jama'a ku kawo ɗauki, Iya ta faɗi!" Na taso mai ɗori, na taso liman, mata suka biyo mu da salati. Ni ne a gaba, na yaye labulen ɗakin da ƙarfi.

Iya na zaune daram a kan gadonta. Baba, mai furfura har gemu, yana durƙushe a gabanta da ƙwaryar fura a hannu, ita kuma tana gyara masa hula. Hawaye na bin fuskar Baba.

Ban taɓa ganin abu mai girma irin wannan ba, kuma ga shi na kwaso masa 'yan kallo. Mata suka fara ja da baya. Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Allahu Akbar." Mai ɗori kuwa tambayata ya yi wace ƙafar ce.

Iya ta dube mu ta ce, "Ni ban kira kowa ba. Abin yaron nan ne ya yi ƙara."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Abin da ya fi damuna shi ne kada na ja ta ƙi sake dannawa har abada. Washegari Baba ya cire ƙararrawar daga bango, ya naɗe ta da tsumma don ta rage ƙara, ya ajiye ta gefen tabarmarsa.

Da kaka ta yi, Iya ta sake faɗuwa, wannan karon da gaske, kowa yana gona. Ta ja jiki ta danna. Baba ne ya ɗauke ta.

Yanzu duk wanda ya nemi shawarata kan abin kiran ɗauki na tsofaffi, cewa nake ya fara sanin wanda tsohon ke so ya zo. In kuma ƙararrawar ta yi ƙara, ya leƙa tukuna kafin ya taso liman.