Ƙishirwar da Na Taya Kaka

Ko zan manta komai na shekarar da na gama jami'a, ba zan taɓa mantawa da ranar tiyatar Kaka ba. (Ko na so in manta, mutanen garinmu Fakku ba za su bari ba.)

Kaka ta zame a bakin rijiya, ƙashin kwatangwalonta ya karye. Da ƙyar Baba ya hana a kai ta wurin mai ɗori a Jabo, aka kawo ta wani asibiti a Tambuwal, inda likitan ƙashi ke zuwa daga Sakkwato ranar Talata kawai. In Talata ta wuce ta, sai ta ƙara mako a kwance tana nishi. Ni aka bar wa jinya, wai ni ce mai ilimi.

Da safe nas ta shigo da ledar ruwa. Ta ce ba ci ba sha sai an gama aiki, amma dole a yi mata ƙarin ruwa a hankali, domin tsofaffi kan zo jikinsu a bushe, in aka yi musu allurar kashe jiki a haka jininsu yakan yi ƙasa.

Kaka ta cusa hannu cikin zane. "Ku hana ni moɗa, ku ɗura mini ta jijiya? Ni salkar ruwa ta? Ku maishe ni gida."

A nan ne mawaƙiyar da ke cikina ta motsa. Na durƙusa a gaban gadon, na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kaka, ki yarda a sa miki. Ni kuma na yi alkawari, ruwa ba zai taɓa leɓena ba sai kin sha. Ƙishirwarki tawa ce."

Matan ɗakin suka ce "Allah sarki!" Wata tsohuwa har da share hawaye. (Daga baya na gane ciwon ido gare ta.) Kaka ta dube ni, ta miƙa hannu. Nas ta daɗe tana lalube kafin ta sami jijiya.

Abin da duk karatuna bai nuna mini ba shi ne Kaka tana sha, ta hannu. Ni ce kaɗai mai ƙishirwa a ɗakin, ga zafin bazara, ga shi tun jiya ban ci abin kirki ba. Na zauna ina kallon ɗigon ruwan, ina kamanta shi da yayyafin farkon damina, ina harhaɗa baitoci a raina. Fuskar Kaka sai sakewa take, har da gyangyaɗi. Maƙwabciyar gadonmu ta miƙo mini kunun zaƙi mai sanyi, na kau da kai kamar jaruma.

Bayan azahar aka turo gadon shiga tiyata. Na miƙe don in furta kalaman bankwanan da na tsara. Ɗakin ya juya mini. Na cafki abin da ke kusa, wato ƙarfen da aka rataye ruwan Kaka, muka zube tare, allurar ta fice daga hannunta.

Na farka a gadon kusa, gyalena a jiƙe, leda a rataye bisa kaina, allura a hannuna. Nas tana ta faɗa: "Wai a nan wa ke jinyar wa?" Likita kuma yana tsaye a ƙofa, ya ce in ba a sake samun jijiyar Kaka ba, zai ɗauki na gaba, tsohuwa sai wata Talatar. Na rufe ido, na yi kamar ban farfaɗo ba.

Sai na ji muryar Kaka, wadda da safe take ɓoye hannu, tana ce wa nas: "Ɗiyata, ga ɗayan, soka nan. Yi maza kahin wagga ta tashi ta sake wani alkawali."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Aka sami jijiya, aka shiga da ita, ita ce ta ƙarshe da likitan ya yi wa aiki ran nan.

Yanzu Kaka tana tafiya da sanda. Duk ranar da na je Fakku, kafin in gama sallama za ta ƙwala kira: "Ku ba 'yar boko ruwa, ba mu da leda nan!"

Na koyi darasi dai. Mai jinya ba don ta taya mara lafiya wahala aka ajiye ta ba, tsayuwa da ƙafafunta ake so. Har yau ina rubuta baitoci, amma sai na sha ruwa tukuna.