Doka Ta Ce a Buɗe

Allah Ya yi wa ƙaramar hukumar nan baiwa da shugaba masanin doka. Ba lauya ba ne, ya wuce nan. Lauya sai ya buɗe littafi, shi kuwa Mai Girma Sashe littattafan ne ke jin nauyinsa. Ga su can jere a bayan kujerarsa, manya-manya masu baƙin bango, har yau ba a ɓare ledarsu ba.

Sunan ma daga bakinsa ya samo shi. Ko ruwa zai ce a miƙo masa a gida, sai ka ji, "Bisa sashe na kaza, ƙaramin sashe na kaza." Matarsa ta taɓa tambayarsa, "Baban yara, wai kazar nan taka ba ta yin ƙwai ne?" Ya yafe mata, tunda ba ta yi zurfi a karatu ba.

To, wa'adinsa ya zo ƙarshe. Kansiloli ne ke zaɓen shugaba a cikinsu, kuma ya riga ya bi su gida-gida, kowa ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Yadda aka saba, a shiga zaure, a turo ƙofa, a fito a sanar da gari wanda yake so. Kwatsam sai ga sabuwar doka daga sama: duk zaman majalisa dole ya kasance a buɗe, in ba haka ba, abin da aka yanke ya rushe.

Kansiloli suka fara duba bayansu. Famfunan gari sun bushe tun bara, bola ta fara leƙa tagogin mutane, kuma kowane kansila akwai unguwar da yake kwana. Mijin ƙanwar Sashe, wanda shi ma kansila ne, ya ja shi gefe.

"Yaya, in mutanen nan suka shigo fa, akwai matsala."

Mai Girma ya yi murmushin tausayi.

"Damuwata da ku ke nan, kuna karanta doka da ido, ba da ƙwaƙwalwa ba. Me ta ce? A buɗe. Ta ce a cike? Mai rubuta doka ba yaro ba ne. Da mutane yake so, da ya ce mutane. Ku kira min kafinta."

Kafinta ya zo. Aka cire ƙofar zaure da ƙyaurenta, aka cire tagogi, aka sauke labule. Har ƙofar banɗaki sai da ta tafi, don Mai Girma ba ya bin doka rabi-rabi. Babbar ƙofar harabar kuwa aka naɗe ta da sarƙa aka danna kwaɗo, domin a cewarsa doka zama ta ambata, ba ta ambaci haraba ba.

Ranar zaɓe iska ta yi ta wasa da takardu, kansiloli na bin su a ƙarƙashin tebur. Aka ɗaga hannuwa, Sashe ya lashe. Don tarihi ya shaida, ya tsaya a bakin zaure ya ɗauki kansa a waya, ya watsa wa duniya.

"A duk faɗin ƙasar nan babu majalisar da ta kai tamu buɗewa. Masu hassada su zo su nemo ƙofa ɗaya."

Bidiyon ya yi kyau sosai. Har fuskokin mutanen da ke bayan kafaɗarsa sun fito tar, riƙe da ƙarafunan babbar ƙofa, suna jijjiga sarƙa. Ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta sha wahalar neman shaida ba. Sauke bidiyon kawai suka yi suka kai kotu.

Lauyan ƙaramar hukuma ya roƙe shi don Allah ya zauna ya yi shiru. Wa zai sa teku shiru? Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya kalli alƙaliya.

"'Yata, bari in sauƙaƙa miki aiki."

"Mai Shari'a," in ji ta.

"Mai Shari'a 'yata. Bisa sashe na kaza..."

"Na nawa?"

Ya yi tari. Ya ce lambar ba ita ce muhimmiya ba, ruhin dokar ake dubawa.

"To, a ranar, wa ya shiga zauren daga cikin jama'a?"

"Ko mutum ɗaya," ya faɗa da alfahari. "Tsaro muka sa na gaske. Amma a buɗe yake."

Lauyansa ya kifa kai a kan tebur. Alƙaliya ta rushe zaɓen, ta ce a sake, a gaban duk wanda ya ga damar zuwa. A bakin kotu Mai Girma ya shaida wa 'yan jarida cewa hukuncin ya tabbatar da fahimtarsa, saura ɗan bambancin lafazi.

Ranar sake zaɓe gari ya tashi kaf. Zaure ya cika, masu tsayuwa suka tsaya, wasu suka zauna a gurbin tagogi suna lilo da ƙafa. Mata suka zo da jarkokinsu babu ko ɗigo, suka jera su a gaban tebur. Kowane kansila ya ɗaga ido sai ya ga maƙwabcinsa. Mijin ƙanwar Sashe ya hango mahaifiyarsa a sahun gaba, ta kafe shi da ido.

Mai Girma bai girgiza ba. Ya yi jawabi mai tsawo a kan asalin kalmar amana. Daga nan magatakarda ya ce masu son shugaba ya zarce su ɗaga hannu.

Wani kansila ya tuna igiyar takalminsa ta kwance. Wani ya dulmiya cikin waya. Mijin ƙanwa ya fara ɗagawa, tsohuwa ta yi gyaran murya, hannun ya zarce ƙeya ya hau susa.

Sashe ya duba dama, ya duba hagu. Sai ya ɗaga hannuwansa duka biyu, sama sosai, kamar wanda aka tare a hanya.

Magatakarda ya dube su da ladabi, ya rubuta ɗaya.