Ranar da Akwalar Idi Ta Ja Ni da Baya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwa a Dakoro, ranar da aka koya mini auna ƙarfin inji a bainar jama'a.

Sana'ata sayar da motoci ce, tsofaffi masu sauran rai. Ban yi lakkol ba, ko ajin boko ban taɓa shiga ba, amma in inji ya yi tari daga nesa nakan faɗi ciwonsa. A shekarar na samo wata farar kat-kat, irin motar nan ta shiga daji, daga Maradi. Na wanke ta fes, na kwashe tarkacen bayanta, na ɗura wa ƙafafunta iska har suka yi tam. Sai ga Alhaji Bube, wani mai fataucin shanu daga Azagor, ya zo ganinta. Na san in ya saya, mutanen arewa za su biyo sawunsa zuwa wurina. In ya ƙi, sun ƙi ke nan.

"Yaro, yaya zan san ƙarfinta?" (Na haura arba'in a lokacin.)

Na nuna masa ƙarfin injinta, doki kaza, yadda aka rubuta a takardarta. Ya ce bai taɓa ganin takarda ta hau tudun rairayi ba. Na tada inji, na ba ta wuta, na ce ya saurara. Ya ce jakinsa ya fi ta murya. Na ce a manyan birane akwai na'urar da ake ɗora mota a kanta, ta yi ta gudu a wuri ɗaya har a karanta ƙarfinta.

"Gudu ba tafiya?" in ji shi. "Mu can, sa ko raƙumi, bakin rijiya muke kai shi. Wanda ya jawo guga shi ne mai ƙarfi."

Muna cikin haka sai ga taubashina Idi a akwalarsa, maƙare da buhunan gero, ƙofa ɗaure da igiya.

"Alhaji, kar wanga ya ruɗe ka da sabulu," ya ce. "Motatai amarya ce, ba ta daka."

Da na haɗiye, da an wuce wurin. Amma sai na ce a ɗaure motocin biyu baya da baya da sarƙa, kowa ya ja. Idi ya ce to, bari ya sauke geron tukuna. Nan wayona ya motsa. Na ce a raina, injin da ke fama da kaya ai ya riga ya gaji. Ga ƙafafunsa ma sun yi laushi.

"Bar kayanka a ciki," na ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Da kai da geronka zan ja."

Idi ya marairaice fuska. "To, tunda ka matsa."

Muka koma filin rairayi kusa da kara. Dillalan shanu suka bar cinikinsu suka kewaye mu. Alhaji ya ja layi a ƙasa, ya ɗaga sandarsa, ya sauke.

Na ba ta wuta. Inji ya yi ruri, ƙafafu suka hau juyi suna haƙa rami, suna watsa wa mutane rairayi. Can sai na ga bishiyar da ke gabana tana nisa. (Wallahi sai da na ɗan yi mamakin bishiyar.) Idi ko hanzari bai yi ba, tut-tut, kamar mai zuwa gaisuwa. Muka wuce layi, muka wuce mai shayi, muka shiga cikin masu fura. Ya leƙo ta taga:

"Ina za a sauke ka, taubashi? Ni garin Mai Yara na nufa."

Nauyin gero ya danne ƙafafunsa masu laushi sun kama ƙasa. Nawa kuwa tauri kamar ƙwarya, baya wayam. Abin da ni da bakina nake gaya wa masu saye kafin su shiga daji ke nan: a rage iska, a sa nauyi a baya!

Na fito rairayi har cikin haƙora. Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Wadda ta ja nike so. Kai ne dillali, yi mana ciniki."

Haka na tsaya gaban jama'a ina yabon akwala, ina rantsuwa injinta lafiya lau. Duk kalmar da na faɗa, sai Idi ya kama kunne: "Mi ka ce? Ɗaga murya, ban jiya ba."

Na ɗaga. Sana'a ce.

Har yau ban san hanyar da ta fi dacewa a auna inji ba. Abin da na sani, in taubashinka ya karɓi sharaɗinka ba gardama, tsaya ka sake duba sharaɗin.