Ranar da Na Kai Baffa Makwancin Awaki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baffa Isiyaku, yayan mahaifina, ya ce in raka shi Kogon Hira ba. Shekara bakwai ya yi a hanya daga Katsina, yawanci a ƙafa, yana yada zango yana ƙwadago a gonakin audugar Sudan. Da ya sauke farali, buri ɗaya ya rage masa kafin jirgin ruwansu ya tashi daga Jidda: ya yi raka'a biyu inda aka fara saukar da Alƙur'ani.

Ni kuwa haihuwar Makka, saurayi mai ji da kansa, na bugi ƙirji na ce na san dutsen da kogon yake kamar yunwar cikina. (Gaskiyar magana, daga nesa nake hango shi. Ƙafata ba ta taɓa taka shi ba.)

Da sassafe jaki ya kai mu gindin dutsen, wato Jabalun Nur, muka fara hawa. Kafin hantsi numfashina ya koma kamar zugazugin maƙeri, tsohon kuwa ko gezau. Da na hango wata inuwa a ƙarƙashin wani falalen dutse, sai Shaiɗan ya ba ni shawara. Na nuna na ce, "Baffa, ga shi nan."

Ya tuɓe takalmi ya ta da salla, ni kuma na zube ina haki.

Yana sallamewa sai ga wata Balarabiyar ƙauye da garkenta. Ta ɗaga murya da Larabci, "Ya Hajji, wannan makwancin awakina ne! Kogon yana can ƙoli!"

Baffa ya waiwayo. "Ɗana, me take cewa?"

Maimakon in tuba, sai na ƙara wata ƙaryar. "Barka da zuwa take yi maka."

Sai ya juya wurinta ya yi mata godiya da Larabcin Sudan tiryan-tiryan, har ya tambaye ta ta ina hanya ta fi sauƙi. Kaico! Na manta inda mutumin nan ya yi shekarunsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya miƙo mini sandarsa, ya riƙe hannuna, muka ci gaba da hawa, yana cewa, "Sannu, sannu ba ta hana zuwa." Ya yi sallarsa a kogon gaskiya yana hawaye, ni ma na yi tawa, rabinta istigfari.

Da muka koma gida ina jiran tonon asiri, mahaifina ya tambaye shi, "Yaya, ya kai ka kuwa?"

Baffa ya ce, "Mun kai juna."

Har ya koma ga Allah ba wanda ya ji labarin daga bakinsa, kuma har gobe ina yi masa addu'a saboda wannan sutura. Tun daga ranar, duk baƙon da ya tambaye ni hanya a Makka, nakan fara tambayarsa ko ya biyo ta Sudan.