Zalɓen da Na Ce na Bashir Ne

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, ko na so ma Hajja Ladi ba za ta bar ni ba. Mu huɗu ne a rumfar gidan: ni, ƙanwata Ladin, Hajja Sakina mai gidan, da ɗanta Mutasim mai koyar da kwamfuta a bayan kasuwar Gadarif, nan Sudan, wanda ke neman auren 'yata Nafisa. Mun je ne a tsayar da rana. (Ni kuma na je duba ƙarƙashin gadaje da bakin tulu, don ba na ba da 'ya gidan da ban ƙare wa kallo ba.)

Sai na ɗan koma baya. Ɗana Bashir yana da kwamfuta. In ya kunna ta sai ta buga wani gajeren kiɗa kamar na kalangu, gilashin ya yi launin jar ƙasa, zalɓe ya fito tsaye da dogon wuya. Zamanin ne da ake rage murya in za a ambaci gwamnati. Wata rana mutane suka zo a mota marar lamba, suka tafi da shi da kwamfutar. Shi ya dawo bayan wata biyu, ita ba ta dawo ba. Shekara na zagayowa zazzaɓin kala-azar ya ɗauke shi. Tun daga zaman makoki nake gaya wa mata cewa shi ya zaɓi zalɓen nan, saboda yana yaro a garin Mafaza yini yake a bakin kogi yana kallonsu. Wani ya kai sunansa wurin mutanen nan, kuma shekara uku ina kallon fuskokin unguwa ina neman ko wane ne.

To, muna shan gahawa wuta ta dawo. Mutasim ya ce bari ya nuna mana hoton ɗakin da yake ginawa a kwamfutarsa. Ya shiga falo, mu muna waje.

Sai na ji kiɗan.

Finjalin ya tsaya a bakina. Iska ba ta motsi, kajin gidan ma sun yi tsit. Na tashi na bi sautin kamar wadda ake ja da igiya. Falon duhu, an rufe tagogi saboda zafi, hasken gilashin kaɗai ke bisa bango. Jar ƙasa. Zalɓe, wuyansa a karkace yadda na san shi, yana kallona. Wallahi har ƙamshin man da Bashir ke shafawa na ji.

Na ce wa Mutasim, "Nawa suka ba ka, ko ita ce ladan?"

Bai gane ba. Na maimaita da ƙarfin da maƙwabta za su ji: kwamfutar ɗana ce, kuma wanda aka ba kayan wanda aka kama, an san aikin da ya yi. Na ce Nafisa ta tsufa a ɗakina ya fi. Hajja Sakina ta dafe ƙirji. Ladi na jan mayafina, ina fizgewa.

Yaron bai ɗaga murya ba (abin da ya fi ƙona ni ke nan). Ya leƙa ta katanga ya aro ƙaramar kwamfutar maƙwabcinsu mai kantin magani, ya ajiye ta gefen tasa, ya kunna. Kiɗan nan dai. Zalɓe biyu suka jeru suna kallona a duhu.

Ya ce akwai ashirin irinsu a makarantarsa. Wai abin da ke cikin na'urar kyauta ne, mutanen ƙasashe da yawa ke haɗa shi kamar aikin gayya. Fuskoki gare shi iri-iri, kowa na iya sa wadda yake so. Amma baƙon da ya fara buɗewa dole ya tarar da ɗaki a share, an shimfiɗa tabarma, in ba haka ba ya ruɗe ya gudu. Don haka masu aikin suka zauna suka yi ta gardama, suka tsayar da fuska guda: wadda ba ta yi wa tsohuwar na'ura nauyi, ta iya Larabci, kuma suna da masu gyara ta in ta lalace. Da ita kowa ke farawa.

Na ce, da sauran ƙarfina, ai Bashir da hannunsa ya sa tsuntsun.

Ya sunkuyar da kai. "Hajja, Bashir ne ya ba ni faifan da na zuba abin a tawa. Na sha ce masa ya sauya fuskar, ya ce shi ba shi da lokacin ado. Yadda ta zo ya bar ta."

Ashe shekara uku ina kuka a kan abin da turawan wasu ƙasashe suka zaɓa a taronsu, ɗana kuwa ƙiwa ce ta hana shi taɓawa. Kuma a kan haka na kira ɗan mutane ɗan rahoto a gaban uwarsa. Hajja Sakina ta kwashe finjalai. Ba a tsayar da rana ba. A hanya Ladi ta ce ni da nake gane sata a ido, yau na kama ɓarayi ashirin da biyu.

Na dai koyi abu: kafin ka rantse tabarma taka ce, leƙa kasuwa ka ga ko duk haka ake saƙa su.

Washegari kafin shayi na soya zalabiya, fankenmu na nan, na ɗauka da kaina. Hajja Sakina ta bar ni tsaye a ƙofa har tiren ya huce. Na ce na yi laifi, kalmar da ko mijina bai taɓa ji a bakina ba. Ta ce a sa bikin bayan girbin riɗi, ya yi mini? Na ce ya yi. Sannan na roƙi Mutasim ya kunna mini kwamfutar. Ya kunna sau uku. Da zai yi na huɗu na ce ya isa, kar in ƙarar musu da wuta.